Furen hamadar Arizona ya ruɓe a daminar Katsina, ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Tucson ta jihar Arizona ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar irin wani fure, an rubuta desert marigold a jikin takardar. Ya ce a can ko a bakin titi fitowa yake, babu mai ba shi ruwa. Da ruwa ya sauka a watan Yuni na shuka rabi a tsakar gida, na zuba masa takin awaki, ya tsiro gwanin sha'awa, amma kafin ƙarshen Agusta duk ya kwanta, ya ruɓe daga gindi. Abin da ya ɗaure mini kai, furen hamada ne, mu kuma nan bakin hamada muke. Me na yi ba daidai ba? Sannan ina da awaki uku da ragon da nake turkawa, ko yana da illa a gare su?" Wata mai karatu daga Katsina.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah kuma ya yi wa ƙanen naki albarka da ya tuna da ke. Tambayarki ta kasu biyu: me ya sa tsiron da ke rayuwa a gefen kwalta babu mai kula da shi ya mutu a hannun mai ba shi ruwa da taki, sannan ko zamansa gida ɗaya da dabbobi yana da haɗari. Bari in ba ki amsar a dunƙule tukuna, kada dogon bayanina ya ɓatar da ke. Ruwan marka da takin awaki ne suka kashe shi, kuma watan Yuni ba lokacin shukarsa ba ne a ƙasarmu. Maganar dabbobi kuwa, e, yana da dafi, kuma tumaki ya fi kamawa, don haka ragon nan ne abin dubawa tun kafin awakin.

Na zauna a Tucson ɗin nan shekara biyu ina karatun tsirran busassun ƙasashe, kuma abin da ya same ki ni ma ya same ni. Zan zo ga nawa labarin.

Wane ne wannan fure

Sunansa a wurin masana Baileya multiradiata. Ɗan asalin kudu maso yammacin Amurka ne, wato Kalifoniya, Nebada, Yuta, Arizona, New Mexico da yammacin Texas, sannan ya gangara arewacin Meziko, jihohin Sonora, Chihuahua, Coahuila har Durango. Gindinsa wani ɗan tsukukun ganye ne toka-toka da ke manne da ƙasa, gashi mai laushi kamar auduga ya lulluɓe shi. Daga nan dogayen sillaye marasa ganye ke miƙewa kamar tsawon kamu ɗaya, kowanne ɗauke da fure guda ruwan ɗorawa mai faɗin santimita 4 zuwa 5. Ba ya daɗewa a duniya. Wani shekara guda yake yi, wani ya kai biyu ko uku, amma yana zubar da iri da yawa, shi ya sa wanda ba ya lura zai ɗauka tsiro ɗaya ne yake gani a wurin shekara da shekaru, alhali jikoki ne.

Danginsa su ne Asteraceae, ɗaya daga cikin manyan dangogin tsirrai biyu mafiya yawa a duniya, da nau'i fiye da 25,000. Kin san 'yan uwansa sarai, don kuwa shuwaka da latas da tazargade da kashin yawo duk gidan ɗaya ne. Alamar gidan ita ce abin da muke kira fure ɗaya a gaskiya taron furanni ne a kan faranti guda. A furen naki, waɗanda ke gefe masu kama da harshe sukan kai 30 zuwa 50 da 'yan kai, sun hau kan juna, na tsakiya kuma ƙananan bututu ne da suka haura 100, kowanne yana iya ba da ƙwayar iri tasa. Kalmar multiradiata ma abin da take nufi ke nan, mai harsuna da yawa. Idan furen ya tsufa harsunan ba sa zubewa, sai su koɗe su bushe kamar takarda, su sunkuya su zauna tare da irin.

Baileya ɗin kuwa sunan mutum ne. Masana tsirrai William Harvey da Asa Gray ne suka raɗa sunan, aka buga shi a 1848, don girmama Jacob Whitman Bailey, malamin kimiyya a makarantar hafsoshin sojan Amurka ta West Point, wanda ya rasu a 1857. Abin dariya, mutumin ya yi suna ne wajen leƙen ƙananan halittun cikin ruwa da madubin ƙara girma, sai ga shi an liƙa sunansa a kan tsiron da ruwa ke kashewa.

Wani abin kiyayewa: kalmar marigold da ke jikin takardar tana ruɗa mutane. Furen da masu lambun furanni ke sayarwa a bakin titi a Kaduna da Kano da wannan suna, mai warin nan, Tagetes ne. Akwai kuma Calendula wanda Turawa ke sakawa a man shafawa da shayi. Dangi ɗaya ne da naki amma jinsi daban, kuma duk abin da kika karanta a intanet game da ci ko shan waɗancan bai shafi wannan ba. Naki na kallo ne kawai.

Hamada suna ta tara

Nan ne gundarin maganar. Idan muka ce hamada, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ƙarancin ruwa. Tsiro kuwa ba jimillar ruwan shekara yake lissafawa ba. Yana lura da watan da ruwan ya zo, da sanyi ya zo ko da zafi, da kuma kwana nawa ƙasa ta yi tana jiƙe kafin ta sha iska.

Tucson na cikin hamadar Sonora, tana samun kusan milimita 300 a shekara, wasu shekarun ƙasa da haka. Amma ruwan kashi biyu yake zuwa. Akwai na lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Maris, wanda iskar tekun Fasifik ke kawowa, yayyafi ne mai laushi da ke ratsa ƙasa a hankali, dare kuma da sanyin da wani lokaci ruwa kan daskare. Sai a yi bazara mai tsanani a Mayu da Yuni, zafi ya kai digiri 38 zuwa 40 da ɗoriya. Sannan daga Yuli zuwa Satumba a yi gajeruwar damina ta hadari da tsawa, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya na minti talatin, ya gangare ta kan tsakuwa, washegari rana ta buɗe ƙasa ta bushe. Duk wannan daminar tasu ba ta wuce milimita 150 a shekarar da ta zo daidai.

Katsina kuma fa? Wajen milimita 600, wata shekarar fiye, kuma duka a cikin wata huɗu. Agusta kaɗai kan zubar da abin da ya kai ko ya zarce daminar Tucson gaba ɗayanta, ga lumshi na kwana da kwanaki, ga raɓa da safe, ga iska mai nauyi da danshi, wanki ma ba ya bushewa. Wata takwas muna bakin hamada, amma a watan marka Katsina ba ta da wata alaƙa da hamada a wurin ɗan tsiron da ke zaune a ƙasa. Ko Damagaram, da ruwanta ya fi kusa da na Tucson a lissafi, tsarin iri ɗaya ne da namu: duka da zafi yake zuwa, a dunƙule, babu ɗigo a lokacin sanyi.

A ƙasarsu, yawancin irin wannan fure yana tsirowa ne da ruwan kaka da na sanyi. Sai ya shafe watannin sanyi yana kwance a ƙasa, ba ya wani girma a ido, alhali uwar saiwarsa tana nutsewa ƙasa. Yana soma fure a Maris da Afrilu, ya ɗan lafa da zafin Yuni, idan daminar ta zo ya sake ɓarkewa, wani har Nuwamba. Ma'ana, lokacin da ruwan zafi ya same shi ya riga ya zama babba, gindinsa ya yi ƙwari. Naki kuwa jariri ne ɗan wata biyu aka jefa cikin marka.

Wannan lamari na iri da lokacin ruwa an daɗe ana bincikensa. Frits Went, wani masani ɗan asalin Holan da ya yi aiki a Kalifoniya, ya ɗebi ƙasar hamada a shekarun 1940 ya jiƙa ta a ɗakin gwaji. Da ya ajiye ta cikin sanyi, wasu tsirrai ne suka fito. Da ya ajiye irin ƙasar cikin zafi, wasu dabam suka fito. Ƙasa ɗaya, rumbu biyu, kowane iri yana jiran nasa lokacin. Daga baya wata masaniya, Janice Beatley, ta nuna a hamadar Mojave ta Amurka cewa sai an yi ruwan kaka na kusan milimita 25 a tashi ɗaya kafin furannin sanyi su tsiro da yawa. Yayyafin da bai kai ba, iri ya yi kunnen uwar shegu da shi. Manomanmu masu yin binne sun san wannan fargabar: ka binne gero a busasshiyar ƙasa, a yi ɗan ruwan yaudara ya tsiro, sai a ɗauke kwana ashirin, shuka ta ƙone. Tsirran hamada sun yi wa kansu maganin haka, ba sa tsirowa gaba ɗaya. A tudun Tumamoc da ke gefen Tucson, wani masani Larry Venable da ɗalibansa sun soma ƙirga tsirrai a filaye guda a 1982, suka yi shekaru suna yi, kuma sun tabbatar cewa nau'in da ya fi fuskantar asara a mugunyar shekara shi ya fi barin kaso mai yawa na irinsa yana barci a ƙasa. Wannan zai yi miki amfani nan gaba, idan kika shuka ashirin kika ga bakwai, kada ki ce irin ya lalace.

Baileya bai kai wasu taurin kai ba, yakan tsiro ko da zafi idan ya sami laima, kamar yadda kika gani da idonki. Tsirowar ce ta yaudare ki.

Yadda ruɓewar ke faruwa

Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙofofin da iska ke zama, idan ruwa ya cike su ya kwana biyu ko uku, saiwar tsiron da bai saba ba sai ta shaƙe. Daga nan funfunan cikin ƙasa da makamantansu, irin su Pythium da Rhizoctonia, waɗanda ke son ɗumi da laima, su kama daidai wuyan tsiron, inda kara ya haɗu da saiwa. Sai ki ga ganye ya yi yaushi kamar mai jin ƙishi. Mai tausayi kuma ya ƙara ruwa. Idan kika ja shi sai ya tsinke a hannunki, gindin ya yi baƙi ya yi laushi.

Tsakar gida ta ƙara dagula lamarin. Ƙasarta a daddaɓe take saboda taku, indararo na zubo mata ruwan rufin ɗakuna, katanga kuma ta tare iskar da za ta busar da ita. Takin awaki abu ne mai kyau ga alayyafo da kuɓewa, amma yana riƙe ruwa kamar soso, kuma yana sa tsiro ya yi ganye mai taushi da cuta ke saurin kamawa. Ƙasar da wannan fure ya gada tsakuwa ce da yashi, ruɓaɓɓen ganyen cikinta bai taka kara ya karya ba. Gefen kwalta da ƙanenki ya ambata ma ba banza ya zaɓe shi ba. Titi na tattaro masa ɗan ruwan da ya sauka, burjin da aka zuba a gefen kuma ya tsiyaye shi nan da nan.

Gashin ganyen shi ma ya juye masa. Amfaninsa a hamada shi ne mayar da hasken rana da rage fitar ruwa daga ganye. An auna wannan a wani ɗan uwansa na hamadar, Encelia farinosa, a 1976: ganyensa mai farin gashi yana shan kusan kashi 30 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, na wani ɗan uwan nasa mara gashi da ke bakin teku kuma yana shan sama da 80. Riga ce ta zafi da bushewa. A cikin marka sai ta zama jiƙaƙƙen bargo da ke manne a wuyan tsiro dare da rana.

Ni nawa kuskuren ya fi naki muni, don ni a garinsu na kashe shi. Na sayo tsirrai shida a leda na dasa a bayan gidan da nake haya, layi ɗaya da tumatir ɗina, na haɗa su da bututun ban-ruwa mai agogo da ke ɗiga kullum da asuba. Tumatir ya yi murna. Furannin suka yi tsawo fiye da kima, suka yi kore shar maimakon toka-toka, ina ta alfahari, cikin mako shida guda biyar suka kwanta. Na shidan da ya rayu shi ne wanda bututunsa ya toshe ban sani ba. A bazarar da ta biyo baya kuma sai ga 'ya'yansa sun fito da kansu a cikin tsakuwar wurin ajiye mota, inda ko sau ɗaya ban zuba ruwa ba.

Idan za ki gwada da sauran rabin

Ki ɗauke shi a matsayin amfanin rani, kamar alkama ko latas. Lokacin da yanayinmu ya fi kusa da abin da ya sani shi ne farkon hunturu, daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, sa'ad da dare ke sauka wajen digiri 13 zuwa 15, iska a bushe, rana a buɗe. Ruwan sanyin da Allah bai ba ƙasarmu ba, ke za ki ba shi da hannu.

A tukunya za ki shuka, ba a ƙasa ba, saboda dalili biyu: ki iya ɗauke ta idan damina ta zo, kuma ki iya ɗora ta inda akuya ba ta kai. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba domin tana zufa, tana busar da abin da ke cikinta ta gefe. Ta kasance mai zurfi, aƙalla kamu ɗaya da rabi, a huda gindinta da kyau, a ɗora ta a kan bulo biyu. Ki haɗa yashin rafi mai kaushi kashi biyu, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, jigawa kashi ɗaya. Ban da laka, ban da taki. Yashin gini mai laushi kamar gari ba shi da kyau, yana daskarewa. Ki barbaɗa irin a sama, ki danna da tafin hannu, ki yayyafa masa yashi ɗan kaɗan wanda bai fi kaurin farce biyu ba. Binne shi da zurfi kamar masara na hana shi fitowa. Ki jiƙa tukunyar sosai ranar farko har ruwa ya fito ta ƙasa, sannan ki riƙa yayyafi kullum da safe don kada saman ya bushe ƙayau, iskar hunturu ba ta da wasa. Wasu za su fito cikin mako ɗaya ko biyu, wasu su ɗauki wata.

Da zarar sun yi ganye huɗu ko shida, ki soma janye hannu. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in kin ji sanyin laima ki bar shi sai gobe. In za ki ba da ruwa ki ba da mai yawa a gefen tukunya, ba a kan ganye ba, sannan ki manta da shi na kwanaki. Ki rage su ya zama biyu ko uku a tukunya, kuma ki guji dashe, uwar saiwar ba ta son a taɓa ta. Rana kuwa duk wadda ta samu, a inuwa miƙewa yake ya yi siriri ya faɗi. Ki zuba tsakuwa a kewayen wuyansa don ganyen ƙasa kada ya kwanta a kan danshi.

Da wannan tsari, zai yi fure ne wajen bazara. Zafin Afrilu ba zai ba shi tsoro ba, sai dai tukunya na saurin zafi fiye da ƙasa, don haka a lokacin za ki ɗan ƙara ruwa ki kuma kare jikin tukunyar daga ranar yamma. Idan Yuli ta kama ki mayar da ita ƙarƙashin rumfar da rana ke shiga amma ruwa ba ya duka. In ma ya mutu a marka bayan ya ba ki fure na wata uku ko huɗu, ya yi abin da ya zo yi.

Gaskiyar da zan gaya miki, hannuna a Tucson ya saba da wannan tsiro. Shawarar hunturun nan na gina ta ne a kan kwatanta yanayin garuruwan biyu da halin tsiron, saboda haka ki ɗauke ta gwaji. Ki raba irin uku, ki shuka kashi ɗaya farkon Nuwamba, ɗaya ƙarshenta, ɗaya tsakiyar Disamba, ki rubuta ranakun a jikin tukwanen. Wanda ya fi kyau shi ne amsar Katsina.

Rago da awaki

A yammacin Texas, inda ake kiwon tumaki a fili mai faɗi, an san wannan fure da kisan tumaki tun shekarun 1930. Dafin da ke cikinsa ana kiransa hymenoxon, an samo sunan daga wani ɗan uwansa, Hymenoxys odorata, wanda ya fi shi ɓarna a garken tumakin can. Sinadarin na cikin rukunin abubuwa masu ɗaci da wannan dangi ya shahara da su. Ɗacin shuwaka da na tsohon latas daga rukunin suke, haka ma artemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga tsiron Artemisia annua. Gida ɗaya ya haifi magani ya haifi dafi, don haka kada wani ya ce miki ai ɗan uwan shuwaka ne.

A filin kiwo tumaki ne aka fi gani suna mutuwa. Awaki da zomaye sun kamu a gwajin da aka ciyar da su shi da gangan. Shanu da dawaki kuwa suna kiwo a inda yake ba a ga ya kayar da su ba. Kan furen ya fi ganye dafi, kuma bushewa ba ta kashe dafin. Ba cizo ɗaya ke kisa ba, dabba takan ci da yawa ne kwanaki a jere, galibi lokacin da sauran ciyawa ta ƙare. Alamominsa: dabba ta daina cin abinci, koriyar kumfa na dalala daga baki, ta tsaya ta gantsare baya ba ta son motsi, in an kora ta sai rawar jiki da haki, zuciya na bugawa da sauri. Babu wata allura da ke karya wannan dafi. Abin da ake yi shi ne a raba dabba da tsiron, a ba ta ruwa da abinci mai kyau a inuwa, a bar ta ta huta. Ni ba likitan dabbobi ba ne, in kin ga irin wannan ki kira likita, ki kuma nuna masa tsiron, don ba abin da zai zo masa a rai ba ne a Katsina.

Tukunya biyu ko uku ba su kai yawan da ke kashe garke a Texas ba, kada in tsorata ki fiye da kima. Abin da nake jin tsoro shi ne al'adarmu ta gida. Duk abin da aka cire kore a tsakar gida, yaro zai kwasa ya watsa wa dabbobi. Akuya mai yawo tana da zaɓi, ta ɗanɗana ta ji ɗaci ta wuce. Ragon da ke ɗaure a turke a watan Afrilu, wanda ya yi wata biyar bai ga ɗanyen ganye ba sai harawa da dusa, duk abin da aka jefa masa zai cinye. Ki gaya wa yaran gidan da bakinki. Busassun kawunan da kika yanke ki ƙone su. Idan kuma fatarki mai saurin ƙaiƙayi ce, ki sa leda a hannu lokacin yankan, sinadaran wannan dangi kan sa wasu mutane ƙuraje.

Yanke kawunan na da wani amfanin. Irin Baileya ba shi da fuka-fukin nan da ke sa irin latas tashi a iska, a gindin uwarsa yake zuba, don haka tsare shi a gida ba wuya. Ina so ki tsare shi ɗin. Kashin yawo da ke manne wa jelar dabbobinmu yana huda ƙafar yara, asalinsa daga nahiyar Amurka ya zo, yau babu kangon da ba ya nan. Can Tucson ɗin ma suna kuka da namu. Wata ciyawar Afirka, Cenchrus ciliaris, 'yar uwar ƙarangiya, an kai ta Amurka a shekarun 1930 don kiwon shanu da riƙe ƙasa. Yanzu ta cike tsakanin tsirran hamadar, inda da fili ne tsirara wuta ba ta iya ketarawa, gobara na cinye manyan tsirran hamada masu ƙaya da ake kira saguaro, masu shekara ɗari da hamsin. Jihar Arizona ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi a 2005, kuma na sha bin 'yan sa-kai ranar Asabar muna tumɓuke ta da ƙarfen haƙa a gefen dutse, ni Bahaushe na tsallaka teku ina noman 'yar uwar ƙarangiya kyauta. Daminarmu da ta kashe miki furen wataƙila ita ce katangar da za ta hana shi bazuwa, amma ba a gina amana a kan wataƙila inda tumaki suke. Kada ki raba irin ga masu gona ko makiyaya. Ki kuma shaida wa ƙanen naki cewa shigo da iri Najeriya na buƙatar izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi, tare da takardar shaidar lafiyar irin daga ƙasar da ya fito, ko da 'yar takarda ɗaya ce a aljihun jaka.

In kuma abin da kike nema fure ne da zai cika miki tsakar gida da damina ba tare da wannan wahala ba, ki nemi zinniya a wurin masu lambu, 'yar Meziko ce daga wannan dangin, tana son zafi da ruwan Yuli. Na rani kuma ga kariya, tamu ta gida, wadda ke fure jajaye a tsakiyar bazara babu ganye ko ɗaya a jikinta. A Tucson na ga ana sayar da ita a tukunya da tsadar da ta sa na yi salati, suna shigar da ita ɗaki duk lokacin sanyi don kada jaura ta kashe ta. Ita ma dai ruwan jikinta dafi ne, a nesa da turken ragon za ki ajiye ta.